Wasan Dare Sana'a Ce: Ciniki, Liƙi da Mutuncin 'Yan Wasa a Zariya

Duk mai cin abinci da kiɗa, waƙa, rawa ko riƙe makirufo a Zariya ya san lokutan da kasuwa ke buɗewa: makonnin da ke gab da azumi, bayan ƙaramar sallah da babba, sai kuma Disamba. A irin waɗannan makonni tawaga ɗaya tana iya yin kamu ranar Alhamis a Tudun Wada, dina ranar Juma'a a GRA, ta raba dare ranar Asabar a gidan gala a Sabon Gari, Lahadi kuma ga ajon wani abokin sana'a. A makonnin ne kuma ɓacin rai ya fi yawa. An danne wa wani kuɗinsa, an taɓa jikin wata a filin rawa, bidiyon wata ya fita. In ka bi diddigin kowace rigima, tushen ɗaya ne: an nemi wani abu da dare wanda ba a yi maganarsa da rana ba.

Malamai sun yi magana a kan wannan sana'a, kowa kuma yana da inda ya tsaya, kuma ba wannan muhawarar na zo yi ba. Abin da ke gabana shi ne akwai manyan mutane, maza da mata, da ke wannan aiki a daren yau, kuma suna da haƙƙi. Maganata ta fi karkata ga shugaban tawaga, wanda yara ke kira maigida ko uban tafiya, domin shi ne ya karɓi kuɗin mutane, shi ne ya kwaso 'ya'yan mutane.

Ciniki da baki kaɗai ba ya riƙe komai. A rubuta, ko a takarda ko a saƙon WhatsApp da ɗaya ɓangaren zai amsa da "na amince". Abin da za a rubuta ba shi da yawa: rana da wuri, ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi, mutum nawa za su zo, wane irin wasa za a yi da wanda ba za a yi ba, wa zai kawo janareta, wa zai zuba mai, kuɗin mota da abinci a wuyan wa suke, liƙi na wa ne, sannan wa aka yarda ya ɗauki bidiyo. A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Cikon kuma a karɓe shi kafin a kunna lasifika, kada a bari sai an tashi. Dalilin a fili yake. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare uwar biki ta gaji, kuɗin hannunta sun tafi wajen masu abinci da masu kwalliya, abokan ango sun zame ɗaya bayan ɗaya, wanda kuka yi magana da shi wayarsa a kashe. Daga nan sai "a zo gobe", goben kuma ta zama mako uku, yaran tawaga suna ganin kamar maigida ne ya cinye. A kuma yanke farashin kowace awa da za a ƙara tun a wurin ciniki, domin ba a taɓa yin dinar da ta fara a lokacin da aka rubuta a kati ba. Haka maganar fasa biki: in an fasa saura kwana biyu ko uku, kafin alƙalami ba ya dawowa, tunda tawaga ta riga ta mayar da wasu masu nema.

Wanda ya karɓi kuɗi shi ma akwai nauyi a kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karɓar biki biyu a dare ɗaya, ɗaya a Samaru ɗaya a Gyallesu, da tunanin za a raba yara gida biyu, shi ne hanya mafi sauri ta zubar da suna. Masu kayan sauti su isa aƙalla awa biyu kafin lokaci, 'yan wasa awa ɗaya. Abin da ka gani a cikin gidan mutane, amarya tana kuka ko dangi suna cacar baki a kan lefe, a can za ka bar shi. Mawaƙi kada ya karɓi kuɗin wata don ya yi wa kishiyarta habaici a bainar jama'a. Ya samu dubu biyar a daren, ya rasa gidan da danginsu gaba ɗaya. MC kuma ya bar kama sunan mutum yana nanatawa har sai kunya ta sa ya fito ya yi liƙi. Kirari daban, cin fuska daban.

Liƙi shi ne inda zumuncin tawaga ya fi mutuwa. A tanadi jaka biyu masu launi daban, ɗaya ta amarya da ango, ɗaya ta masu wasa, kuma a faɗa wa uwar biki tun farko waƙoƙin da liƙinsu na tawaga ne. Mai kwasa mutum ɗaya ne sananne, ba ya sa riga mai manyan aljifai, ba ya fita daga fili da jaka shi kaɗai. A ƙirga a daren, a gaban mutum biyu aƙalla, ɗaya daga cikin mata in akwai mata a tawagar. Yadda za a raba, ko kashi nawa na mai kaya, nawa na mawaƙi, nawa na 'yan amshi da 'yan rawa, ku kuka san abin da ya dace da ku, amma a san shi kafin a fita daga gida. Yanzu da mutane ke turo kuɗi ta waya, wata sabuwar ƙofar zargi ta buɗe: lambar asusun da ake nunawa ta maigida ce, yara ba su san me ya shiga ba. Maganinta a buɗe wayar a wurin ƙirga, a nuna duk abin da ya shigo daga fara wasa zuwa tashi.

Akwai kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki da tattaka ta, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. An daɗe ana ganin kamar magana ce a takarda, sai ga shi a Afrilun 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure wani sanannen mutum wata shida ba zaɓin tara, kuma bidiyon biki ne ya zama shaida. Saboda haka a ajiye faranti ko ƙwarya a gaban fili, mai liƙi ya sa a ciki, kada kuɗi su zube ƙasa a yi ta rawa a kansu.

Wannan farantin yana da wani amfani da ya fi gudun kamun hukumar EFCC a kan watsa naira muhimmanci. Kusan duk taɓa jikin da ake yi wa 'yar rawa da sunan liƙi ake fara shi. Mutum ya fito da bandir ɗin sababbin ɗari biyu, ya manna ɗaya a goshi, ta biyu a kafaɗa, ta uku yana neman cusa ta a wuyan riga, jama'a suna shewa. Yarinyar tana murmushi don aikinta ke nan, amma duba ƙafafunta, za ka ga tana ja da baya. In akwai faranti, hannunsa ba shi da dalilin kaiwa jikinta. MC ya faɗa tun buɗe taro, da fara'a, sau ɗaya ko biyu: "Iyayenmu da yayyenmu, ga faranti nan, duk mai alheri ya ajiye a ciki, fili kuma na 'yan wasa ne." A shata filin da igiya ko jerin kujeru, a tsayar da maza biyu na tawaga a kusurwoyin gaba, waɗanda ba su da wani aiki sai kallon hannuwan mutane.

A kuma yi alama tun a gida. Misali 'yar rawa ta ɗora hannu a kan ɗankwalinta ta riƙe, ma'ana akwai wanda ya matsa mata. Da ganin haka DJ ya rage sauti, MC ya shiga tsakani yana gode wa mutumin da suna mai daraja, Alhaji ko Yallaɓai, ɗaya daga cikin masu tsaro ya raka shi kujerarsa, ita kuma ta koma bayan 'yan uwanta. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma yawancin mahalarta ba za su san an yi wani abu ba. In ya dawo karo na biyu, a tsayar da kiɗa a nemi mai biki ya ja ɗan uwansa. Kuskuren da ake yi shi ne a bari sai ta gaji ta ture shi ko ta zage shi, sannan abokansa su taso, a fasa kujeru, gobe a ce 'yan gala sun tayar da faɗa. Wasu kuma su ce ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban yarda da wannan karin magana a nan ba. An ɗauke ta ta yi rawa, an biya kuɗin rawa, ba a yi cinikin jikinta ba.

Sai babbar magana, wadda ba a cika son faɗa ba. Bayan wasa wani zai ja maigida gefe ya ce, "Waccan mai jan mayafin, a ba ni lambarta mana, zan ga yaran da wani abu." Amsar ɗaya ce, kuma ba sai an ɗaga murya ba: "Alhaji, a yi haƙuri, aiki muka zo, ba ma ba da lambar kowa." Shugaban da ya miƙa lamba, ko ya ce wa yarinya ta je ta gaishe da Alhaji a mota, ya bar shugabanci ya koma kawalci, ko da bai karɓi sisi ba. Haka wanda ke riƙe kuɗin yarinya ko ya cire ta daga tafiya mai tsoka har sai ta "ba da haɗin kai". Sabuwar shiga ta fi kowa faɗawa wannan rami, domin tana ganin kowa ta nan ya bi. Gwajin murya ko na rawa da rana ake yin sa, a wurin atisaye, a gaban wasu. Duk wanda ya ce ki same shi a ɗakin otal ƙarfe tara na dare don ya gwada ki, ba aiki zai ba ki ba.

Wadda ba ta kai shekara 18 ba, ba ta da wuri a wasan dare, ko da ta fi kowa iya rawa, ko da ta rantse ta kai. A duba takardar shaida mai ɗauke da ranar haihuwa, a ga ranar da ido. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, kuma "ban sani ba" ba ya fitar da mutum. Yarinyar da ta gudo daga gida ta zo neman mafaka a gidan gala, hanyar mayar da ita ga danginta ko ga jami'an walwalar jama'a za a nema, ba anko za a ɗinka mata ba. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaure mutum da bashi: a saya mata kayan rawa da waya, a rubuta kuɗin a kanta, a riƙe katin shaidarta, a ce ba za ta tafi ba sai ta biya, bashin kuma kullum ƙaruwa yake. Irin wannan yana cikin abin da hukumar NAPTIP ke bincike a kai a ƙarƙashin dokar hana fataucin mutane ta 2015.

A wurin dirama, inda ake wasan miji da mata ko na faɗa, duk wani mari, riƙe hannu ko ture mutum a gwada shi a atisaye, a ji ta bakin wanda za a yi wa. Abin da ba a gwada ba, ba a ƙirƙiro shi a kan dandali don jama'a sun yi ihu. Mu a Zariya ba mu da uzurin rashin sanin wannan, tunda sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru tun shekarun 1970, ɗalibansa da tsofaffin ɗalibansa suna cike da gari, kuma da yawansu za su zo su nuna wa tawaga yadda ake marin da ba ya taɓa kunci in an roƙe su.

Ɗakin canza kaya ya zama na mata su kaɗai, mai ƙofa da sakata, a toshe taga da zane, mace ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa. Waya ba ta shiga, har ta su kansu matan, domin yawancin bidiyon da ke fita ba baƙo ne ya ɗauka ba. Ƙawa ce ta ɗauka da wasa, ta tura wa saurayinta, ko wayar ta lalace aka kai wa mai gyara a unguwar PZ ba a cire katin ajiya ba, ko aka yi faɗa bayan wata shida aka huce da shi. Waɗanda suka manyanta a harkar suna tuna 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya kuma ba shi da alaƙa da kowane fim, ya bazu a Kano. An dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, an tsaurara dokokin tace finafinai, furodusoshi da dama suka kwaso kayansu suka dawo Jihar Kaduna, ɗaruruwan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka zauna ba aiki. A lokacin ta Bluetooth ake turawa daga waya zuwa waya. Yau TikTok ne, kafin asuba ya zaga duniya.

Don haka mai ɗaukar bidiyon tawaga ya san iyakarsa. Ba ya durƙusawa ya ɗauko mace daga ƙasa, ba ya kafa kyamara a kan wani sashe na jikinta, in mayafi ya zame ko zani ya kwance yana yanke wurin kafin kowa ya gani. Kafin a ɗora komai a Facebook ko TikTok a nuna wa waɗanda fuskarsu ta fito, wadda ta ce a'a a cire ta. Wata tana da manemi, wata iyayenta ba su san tana wannan aiki ba, wata tana shirin barinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ɗan wasa iko a kan naɗar wasansa da yaɗa shi. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaɗa hotunan batsa da yi wa mutum barazana don a karɓi kuɗi a hannunsa. Wadda aka yi wa irin wannan barazana kada ta biya, domin mai karɓa dawowa yake yi. Ta adana saƙonnin da lambar, ta kai ƙara.

Takardar talla ma a kula da ita. A ƙarshen Disambar 2020 hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, ta rushe wani wurin cin abinci da shaƙatawa a Kaduna bayan wata takardar gayyata zuwa bikin lalata ta yaɗu a intanet, duk da cewa masu wurin sun musanta cewa suna da hannu a ciki. Kalma ɗaya ta jan hankali a kan fosta tana iya cinye ginin wani.

Maganar ƙwaya gajeriya ce. Ana ba 'yan rawa tiramol don su jure tsayuwar awa biyar, kuma yawansa yana kawo farfaɗiya, mutum ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili. Maganin tari mai kodin gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018. Wanda ya zo a buge a zaunar da shi, kada ya hau fili. Abin da ke hana gajiya shi ne a raba 'yan rawa rukuni biyu suna karɓar juna, a ajiye ruwa, a ci abinci kafin a fara. Abin sha kuma, mace kada ta karɓi kwalbar da aka riga aka buɗe daga hannun wanda ba ta sani ba.

Zariya garin malamai ne, kuma abin da zai wuce a Sabon Gari ba lallai ya wuce a cikin ganuwa ba, wajen Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana. In a fili za a yi wasa, a gaishe da mai unguwa kwana biyu kafin ranar, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a yi magana da 'yan sintirin unguwar. Da an kira sallar magariba ko isha'i a kashe sauti ɗungurungum, rage shi bai isa ba. A juya bakin lasifika daga masallaci da gidajen mutane. Ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 100, wadda ake samu a gaban manyan lasifika, minti goma sha biyar ta isa ta fara yi wa kunne illa, saboda haka kada a tsayar da 'yan amshi a bakinsu dare guda. Janareta a waje, nesa da ƙofa da taga kamar mita shida, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Da damina a ɗaga wayoyin wuta daga ƙasa, a naɗe duk wani haɗi, kada kowa ya riƙe makirufo mai waya yana tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen wuri.

Aikin shugaba ba ya ƙarewa da kashe kiɗa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin tashi da isa gida, sa'ad da fili ya watse, masu keke sun yi ƙaranci, wanda aka hana lamba ɗazu yana zaune a mota a bakin hanya. A yi cinikin mota ko keke biyu tun da rana, direban da aka sani, a biya shi kuɗin jira. A ƙirga mutane kafin a tashi kamar yadda aka ƙirga su da za a fito. Mata ake fara saukewa, kowace a ƙofar gidansu, ba a bakin titin Kwangila ko Ɗanmagaji ba, a jira har ta shiga. Namiji ɗaya na tawaga ya zama na ƙarshen sauka. Ba a barin mace ita kaɗai ta jira cikon kuɗi a wurin mai biki.

In duk da haka mummunan abu ya faru, an yi wa wata fyaɗe, kada a tara manya a ce a rufa asiri a ba ta wani abu. Asibiti ake fara zuwa. Akwai cibiyar Salama a Babban Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wadda aka buɗe don irin wannan. Maganin kariya daga cutar HIV yana aiki ne in an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In za ta iya daurewa kada ta yi wanka kafin likita ya duba ta, kayan da ke jikinta kuma kada a wanke, a naɗe su a takarda ko ambulan, ba a leda ba, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Mace ɗaya da ta yarda da ita ta raka ta. Kai ƙara ga 'yan sanda da saninta za a yi, kuma shugaban tawaga ya shirya ba da shaidar wanda ya gani da lokacin da ya gan shi, ko da mutumin babban mai ba su aiki ne.